Degel: inda Shehu ya zauna shekara da shekaru, me ya hana garin girma?

Dan_Rima88:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce na raka abokina ɗaurin aure wajen Gwadabawa, da aka shafa fatiha rana ba ta yi ba sai muka ce bari mu leƙa Degel tunda ga mu kusa, ni dai tun ina firamare nake jin sunan garin ban taɓa taka shi ba. Wallahi abin da na ƙiyasta a raina daban, abin da na tarar daban. A zatona zan ga gari babba ko da kufan ganuwa ne ko tsohuwar kasuwa, sai ga ƙauye kamar kowane ƙauye na ƙasarmu, gonaki ta ko'ina, rumbuna, awaki, sai wuraren da ake kai mutum ziyara. Na dawo da tambayoyi cike da ciki. Wurin da Shehu Usmanu ya zauna kusan shekara 30 yana karantarwa, mutane na zuwa daga ko'ina, ya aka yi bai zama birni ba? Mutum nawa ne a cikinsa yanzu, akwai mai lissafi? Kuma gonakin nan da suka kewaye shi na waye, na zuriyar mutanen farko ne ko baƙi ne suka zo daga baya? Masana a taimaka.

Baffa_Fagge:
Wa alaikumus salam. Tsaya tukuna, Degel ba a Nijar take ba? Ni haka aka koya mana, an ce a can aka haifi Shehu.

Konnawa227:
A'a Baffa ka haɗa biyu. Inda aka haifi Shehu a 1754 Marata ce, ita ce a wajenmu, kusa da Galmi mai albasa, jihar Tawa. Degel tana ɓangarenku, jihar Sakkwato, ƙaramar hukumar Gwadabawa kusa da Cimmola. Yana yaro gidansu suka tashi daga Marata suka koma can. Lokacin dai babu wani Nijar babu Najeriya, duka ƙasar Gobir ce, iyakar Illela da Ƙonni Bature ne ya ja ta daga baya. Toronkawa dangin Shehu ma a ƙasar Ƙonni suka daɗe da zama tun zuwan kakansu Musa Jakollo daga Futa Toro.

Baffa_Fagge:
To na gode, yau na ƙaru. Shekara da shekaru ina ɗauke da kuskure.

Malam_Sidi_Tarihi:
Dan_Rima tambayarka ta farko amsarta na cikin tarihin hijira. Ka fara cire wa ranka cewa Degel ta taɓa zama birni. Ba ta taɓa ba. Birnin ƙasar a lokacin shi ne Alkalawa, can sarki yake, can fada take, can ganuwa da dawaki. Degel zaman malamai ne da almajirai da masu kiwo, abin da ya tara mutane a wurin karatu ne, ba sarauta ba ce ba kuma kasuwa ba. Shehu ya fara wa'azi wajen 1774 yana ɗan shekara 20, yana fita Kabi yana fita Zamfara, a Zamfara ma ya yi kusan shekara biyar, amma Degel ce gida. Mahaifinsa Malam Muhammadu Fodiyo a nan aka rufe shi. Nana Asma'u a nan aka haife ta a 1793 ita da ɗan tagwaicinta Hassan.

To da al'amura suka ɓaci tsakanin jama'a da Gobir, tun dokokin Sarkin Gobir Nafata na hana rawani da lulluɓi da hana kowa wa'azi in ba Shehu ba, har zuwa magajinsa Yunfa da harin da aka kai wa mutanen Abdussalami, almajirin Shehu, a Gimbana, sai aka yi hijira zuwa Gudu a watan Zulƙida 1218, wato Fabrairu 1804. Abin lura a nan, ba Shehu kaɗai ya tashi ba, gari ne ya tashi. Mata da yara da dabbobi da littattafai a kan raƙuma. Daga Gudu sai yaƙin Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar, sai Tsuntsuwa inda aka yi asarar mutane sosai, sai Zamfara, sai Gwandu, Alkalawa ta faɗi a 1808, Bello ɗan Shehu ya gina Sakkwato a 1809, Shehu ya zauna Sifawa sannan ya koma Sakkwato a 1815 ya rasu a 1817. Ka duba jerin nan da kyau, babu inda aka ce an koma Degel da zama. Garin da arzikinsa mutane ne, in mutanen suka tafi me ya rage?

Ummu_Hanif:
Malam Sidi Allah ya ƙara ilimi. Amma ni abin da ban gane ba, bayan an ci yaƙi an samu zaman lafiya me ya hana ko wasu daga ciki su koma gida? Ai ko mu yanzu in an yi gudun hijira da an samu sauƙi kowa gida yake nema.

Malam_Sidi_Tarihi:
Malama wane zaman lafiya? Faɗuwar Alkalawa ba ta kashe Gobir ba. Gobirawa sun ja arewa sun ci gaba da faɗa, aka yi yaƙin Gawakuke a 1836, bayan nan suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma ga Sabon Birni. Arewacin Sakkwato duk ya zama bakin daga, yau hari gobe hari. Shi ya sa sarakunan Musulmi suka riƙa gina ribaɗi, Bello ya zauna Wurno har ya rasu a can a 1837, Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku wanda ya yi sarauta daga 1859 zuwa 1866 ya zauna Cimmola har ana ce masa Mai Cimmola. Mai iyali da ke neman inda zai kwana da ido biyu rufe ribaɗi zai nufa inda akwai mayaƙa, ba zai je ya zauna a fili don kawai kakansa ya yi karatu a wurin ba.

Bagobiri_Asali:
Hmm. Kullum in za a ba da labarin nan sai a maida Gobirawa kamar ba su san komai ba sai zalunci. Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo fa shi ya tara malamai a Magami ranar idi ya ba su kyauta, Shehu ya ƙi karɓa ya nemi abu biyar a madadi kuma Bawa ya amince da duka, har da sakin fursunoni da sassauta haraji da barinsa ya yi wa'azi. Shekara nawa Degel ta yi tana cika tana batsewa a cikin ƙasar Gobir ba wanda ya taɓa ta? Wannan ma a riƙa faɗa. Ƙasar da Degel take a kai ƙasar Gobir ce tun kafin a haifi kakan kowa a nan, ko uban ƙasar Gwadabawa ai Sarkin Gobir ake ce masa har gobe.

Malam_Sidi_Tarihi:
Ban musa maka ba ko ɗaya, maganar Magami gaskiya ce kuma malaman jihadin da kansu suka rubuta ta. Ni tambayar da aka yi nake amsawa.

Yerwa_Boy:
Ku dai Fulani ba ku iya zama wuri ɗaya ba shi ne kawai, a bar wahalar da tarihi. Ko gidan sama aka gina muku da kun ji an ce ciyawa ta fito a gaba sai ku naɗe tabarma 😂

Pullo_Gidan_Kaya:
Ka ji Babarbare, ku da kuka bar Ngazargamu kuka koma Kukawa kuka bar Kukawa kuka koma Yerwa har kana da bakin magana? Zo ka karɓi fura ka yi shiru bawana.

Admin_Zaure:
A yi wasa amma a koma kan magana. Tambaya biyu ba a taɓa ba, yawan mutane da maganar gonaki.

Injiniya_Bello_K:
Maganar yawan mutane Dan_Rima kar ka wahalar da kanka, ba za ka samu adadi na hukuma na kwanan nan ba, ba Degel kaɗai ba kusan kowane ƙauye a Najeriya. Ƙidayar 2006 da aka fitar da sakamakonta a kan jiha da ƙaramar hukuma ta tsaya. Jihar Sakkwato wajen miliyan 3.7, ƙaramar hukumar Gwadabawa dubu 231 da ɗoriya, shi ke nan, ba a sauko an ce ƙauye kaza mutum kaza ba. Ta 1991 ce aka fitar da ita gari gari, to ka lissafa yaron da aka haifa a shekarar yanzu shi ma yana da 'ya'ya a makaranta. Wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Duk wanda ya kawo maka lamba ya ce ga mutanen Degel cif cif ka tambaye shi inda ya samo.

Konnawa227:
Nan kam mun fi ku. Bayan ƙidayar 2012 hukumar ƙididdiga ta Nijar ta fitar da kundi na garuruwa, kowane gari da ƙauye da tunga da ruga an sa sunansa, komin ɗin da yake ciki wato ƙaramar hukumarsa, gida nawa, maza nawa mata nawa. Ƙasar duka aka samu miliyan 17 da 'yan kai. Ban ce babu kuskure a ciki ba, amma aƙalla in ana gardama a majalisa akwai abin da za a buɗe.

Injiniya_Bello_K:
Gaskiya ne. Mu matsalarmu ƙidaya ta zama siyasa tun ta 1962 da aka soke aka sake a 1963, ta 1973 ma aka soke. Kowa so yake nasa su fi yawa saboda kason kuɗi da kujeru.

Hajiya_Mai_Riga_Kafi:
Ni na yi aikin allurar shan inna shekara shida a ƙauyukan gabashin Sakkwato, ba Degel ba amma irinsu ne. In kuna son sanin mutanen ƙauye mu za ku tambaya ba masu ƙidaya ba. Mu gida gida muke shiga mu yi alama da alli a jikin bango, muna da jerin kowace tunga har wadda gida huɗu ce a bayan dutse, mun san yara 'yan ƙasa da shekara biyar nawa ne a kowace. To amma ko mu abin na ba mu wahala, don ƙofa ɗaya za ki gani a waje ki ce gida ɗaya ne, ki shiga ki tarar da sassa bakwai, tsoho da 'ya'yansa maza biyar kowa da matansa, mutum arba'in a bayan zaure ɗaya. Wani kuma ba zai faɗa miki yawan 'ya'yansa ba ko za ki kwana, ya ce ba a ƙirga ɗiya, baki na kama su. Wata ta ɓoye jariri a bayan randa. Sai kin zauna kin sha ruwa kin yi hira da tsohuwar gidan sannan yara su fara fitowa ɗaya ɗaya kamar kaji.

Tsoho_Na_Salame:
Hajiya ta hwaɗi gaskiya. Ɓoyon nan tsohon abu ne, tun zamanin haraji da jangali. Da ana ƙirga magidanta don a aza musu kuɗi, ana ƙirga shanu don jangali, to wa za ya ce ga ni? Mahaihina ya ba ni labari in malaman haraji sunka iso samari gona suka tahiya su kwana, Fulani su kora rabin garke cikin kwari. Abin ya zauna ga jinin mutane, duk mai biro da takarda da yaz zo yana tambayar mutum nawa, abin da ka zuwa ga ran tsoho shi ne za a karɓi wani abu. Yanzu kuma abin ya juye, in an ce tallafi za a raba sai gida mai mutum goma ya zama mai talatin.

Sannan wane wata za ka ƙirga? Ku zo garinmu watan takwas ku gani, ko'ina mutum, masallaci ba wurin sa ƙahwa. Ku dawo bayan an kai amfani gida, sai tsohhi da mata da yara. Matasa duk sun tahi cin rani, wasu Legas, wasu Ibadan, wasu Abuja ga ruwa da gyaran takalmi da acaɓa, wasu suna hwadamun Goronyo da Wurno aikin albasa da shinkahwa. Mutanen wanga yanki da cin rani anka san su tun kahin a haihe ni. To mutumin da ka wata bakwai waje wata biyar gida, na ina ne?

Dan_Rima88:
Baba wannan tambayar taka ta fi tawa. Kuma lokacin da muka je rani ne, ƙila shi ya sa na ga wurin shiru haka.

Ummu_Hanif:
To ka gani. Ka je gari da rani ka dawo kana cewa ba mutane.

Sani_Lissafi:
Akwai dabara mai sauƙi in mutum da gaske yake. Buɗe taswirar Google ta tauraron ɗan adam ka ƙirga gidaje, ka samu mai unguwa ya gaya maka magidanta nawa ke ƙarƙashinsa, ka duba masu rajistar zaɓe a rumfar garin, ka haɗa uku ɗin za ka samu abin da ya yi kusa. Ba zai zama daidai ba amma ya fi shaci-faɗi.

Hajiya_Mai_Riga_Kafi:
Rajistar zaɓe kam cire ta. Matattu na ciki, waɗanda suka tashi na ciki, amare da aka kawo bara ba sa ciki.

Baffa_Fagge:
Ni a ganina dagacin garin kawai za a samu, ai shi ya san kowa.

Tsoho_Na_Salame:
Baffa nan ba mu ce dagaci. Wanda ku Kanawa ka kira dagaci mu hakimi muka ce mai, wanda kuka kira hakimi mu uban ƙasa ne. In ka zo nan ka ce a kai ka wurin dagaci sai a tsaya kallonka.

Baffa_Fagge:
Yau dai na shiga hannun Sakkwatawa, gyara biyu a zama ɗaya 😅

Lauya_Mk:
Bari in taɓa maganar gonaki. A takarda, tun dokar amfani da filaye ta 1978 duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, filin karkara kuma ƙaramar hukuma ce ke da ikon ba da shaidar riƙo ta gargajiya. Kafin ita akwai dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962, kafin nan ta Turawa ta 1910, duk tafiyarsu ɗaya, ƙasa ta hukuma ce mutum amfani yake da ita. Tun kafin Bature ma Malam Abdullahi na Gwandu ya yi rubutu kan yadda ake mallakar fili ta hanyar raya mataccen wuri. Wannan a takarda ke nan. A ƙauye kuwa gona ta wanda ubansa ya sare daji ce, shaidarta dattawa da maƙwabtan gona da itacen da aka dasa a kan iyaka, ba wanda ke da satifiket. Ana gado, ana saye, ana aro, ana jingina, ana haya. Don haka tambayar Dan_Rima ta gonakin Degel na waye, amsar tana bakin dattawan wurin da hakiminsu, ba ta cikin wani fayil a sakatariya.

Malam_Sidi_Tarihi:
In ƙara a kan na Lauya. Yawancin cikar da arewacin Sakkwato ya yi da manoma daga baya ne, musamman lokacin Marafa Muhammadu Maiturare ɗan Ahmadu Atiku, wanda ya kafa Gwadabawa a ƙarshen ƙarni na 19 ya riƙa jawo mutane yana zaunar da su yana ba su wurin noma, shi ne ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924. To mutanen yankin gauraye ne, Gobirawa, Adarawa, Fulani, Buzaye da sauransu. Zuriyar waɗanda suka yi hijira kuwa ka neme su Sakkwato da Wurno da Gwandu da sauran garuruwan da suka kafa. Ko Salame ta su Baba da ke sama ai garin malamai ce, ta Malam Tafa da ɗansa Abdulƙadir jikan Shehu ta wajen uwa. Ka ga karatun Degel bai mutu ba, wuri ya sake.

Tsoho_Na_Salame:
Allah shi yi ma albarka Malam, ka hwaɗi abin da ni ka so in hwaɗi.

Manomi_Zalla:
Ku kuna ta tarihi, ni bari in gaya muku abin da ke hana ƙauye girma a yau, ƙasa ce. Yankin nan jigawa ce mafi yawa, rairayi, sai fako da tsakuwa a kan tudu inda ko ciyawa ba ta son fitowa. Damina wata uku zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, wata shekarar ruwa ya yi latti ka shuka sau biyu ko uku. Gero da wake su ne abin dogaro, dawa sai inda ƙasa ta ɗan yi nauyi. Wanda ya samu fadama shi ne mai arziki don zai yi albasa da rani, wanda bai samu ba sai tasha.

Ga misali daga gidanmu. Kakana gandu ɗaya gare shi babba, shi da 'ya'yansa suke nomawa tare, kowane ɗa da 'yar gayaunarsa da yake taɓawa da yamma, kuma yana da saura da yake bari ta huta shekara uku huɗu. Ya rasu ya bar maza shida mata uku. Bayan an fitar da tumunin takaba aka kasa gida 15, kowane namiji biyu kowace mace ɗaya. Babana ya samu biyu cikin sha biyar. Mu kuma mu tara ne a wurinsa. Abin da ya zo hannuna in na tsaya a wannan iyaka na yi magana a hankali na wancan iyaka yana jina. Ba a barin gona ta huta yanzu don ba wata, taki ya yi tsada, shanun da ke kwana a gona su bar kashi sun ragu don burtali duk an nome. Bara dami 23 na samu, gidana mutum 11, ku yi lissafin wata nawa zai kai mu. To dole ƙannena biyu suka tafi, ɗaya yana Kwatano ɗaya yana Fatakwal, sun yi aure can. A haihuwa ƙauye na ƙaruwa kullum, a zama kuwa ba ya ƙaruwa don ƙasar ba ta iya ɗauka.

Ummu_Hanif:
Manomi ka ce kowace mace ɗaya, to tsakani da Allah gwaggwanninka sun karɓi nasu a hannu? Don mu a namu gidan da aka raba sai yayyenmu suka ce mace ba ta noma, a bar musu su riƙa ba mu abin da ya samu. Shekara tara ke nan abin da nake gani kwano biyar na wake in an tuna da ni. Da na ce a auna min nawa in sayar sai aka ce zan tozarta gida in shigo da bare cikin gonar gado.

Manomi_Zalla:
Gaskiya biyu sun karɓa, ɗaya ta bar wa ƙaninta don shi ke riƙe da tsohuwa. Amma abin da kika faɗa yana faruwa sosai ba zan ɓoye ba.

Ustaz_Abu_Maryam:
Malama haƙƙinki ne, Allah ne ya yanka miki ba yayyenki ba. Ki samu dattijon da suke jin nauyi ya zaunar da ku kafin a kai ga alƙali. Abin kunya ne a ce a ƙasar da Shehu ya yi ta faɗa da masu danne haƙƙin mata da barinsu cikin jahilci har yau ana wannan.

Konnawa227:
Abin da Manomi ya faɗa haka yake har wajenmu, ƙasa ɗaya ce ai. Kuma ku tuna da yunwa, ita ma ta kwashe ƙauyuka da yawa. Tsofaffi na ba da labarin Kakalaba ta wajen 1914, mu kuma iyayenmu sun ga ta 1973 da 1974, sai ta 1984 da muke ce wa El Buhari don ta zo daidai da rufe iyaka. Kowace in ta zo sai wasu gidaje su tashi su yi kudu, in an yi ruwa rabi su dawo rabi shi ke nan. Akwai kufai da yawa tsakanin Ƙonni da Tawa da in ba tsoho ya nuna maka ba ba ka sanin an taɓa gari a wurin, sai dai ka ga geron wurin ya fi na kewaye tsawo da baƙi.

Manomi_Zalla:
Kufai kam ba ta da na biyu wajen gero. Toka da juji na shekaru ne a ƙasa.

Dan_Rima88:
To ni yanzu abin da ke damuna, ko da bai zama birni ba ai bai kamata a bar shi haka ba. Ƙasashen Larabawa wurin da bai kai wannan tarihi ba za ka ga an gyara an sa alluna an yi ɗakin karatu, baƙo ya zo a yi masa bayani. Ɗaliban jami'ar da ke ɗauke da sunan Shehu a Sakkwato nawa ne suka taɓa zuwa?

Ustaz_Abu_Maryam:
A gyara hanya a yi makaranta da asibiti na yarda. Amma a yi hattara da maida wuri abin neman tabarraki, ana ɗibar ƙasa ana shafawa a jiki. Shi kansa Shehu ya yi gargaɗi kan irin wannan.

Pullo_Gidan_Kaya:
Ustaz ziyara daban shirka daban. Kakata duk shekara sai sun haɗu da tsofaffi 'yan uwanta sun tafi Hubbare a Sakkwato, wata shekarar su wuce har Degel, addu'a suke yi su yi sadaka su dawo, tsarin da suka gada tun 'yan taru, matan da ke zuwa ɗaukar karatu wurin Nana Asma'u. Ba don irinsu ba da tuni an manta inda wurin yake ma.

Bagobiri_Asali:
In za a gyara Degel a gyara Alkalawa ma. Ita ce fa babban birnin, yau kufai ce a ƙasar Sabon Birni, ku je ku gani in kun samu hanya. Wancan ƙauye ne ya zauna ƙauye, wannan birni ne guda ya koma gona, wanne ya fi ban tausayi?

Yerwa_Boy:
A sa Ngazargamu a lissafi tunda rabo ake.

Injiniya_Bello_K:
Ni ban ga laifin ƙauye ya zauna ƙauye ba. Titin Sakkwato zuwa Illela ta Kware da Gwadabawa ya bi, kasuwa da sakatariya da makarantun sakandare duk suka bi titi, haka abin yake ko'ina. Abin da mutanen wurin za su nema ruwa ne da taki da tsaro, allon tarihi ba ya cika rumbu.

Sani_Lissafi:
Na gwada abin da na ce a taswira, matsala sunan ma kowa da yadda yake rubuta shi, wani Degel wani Dagel wani Ɗagel, kuma gidajen ƙasa da rumbuna kala ɗaya suke da ƙasar wurin, ido na ya gaji. Sai dai a je da ƙafa.

Dan_Rima88:
To ni zan koma in sha Allah amma wannan karon da damina, wajen watan takwas yadda Baba ya ce, in samu hakimi da limami in zauna da su in tambayi asalin kowace unguwa da magidanta nawa ne. Wa zai raka ni? Mota ɗaya ce mutum huɗu take ɗauka.

Hajiya_Mai_Riga_Kafi:
Ka tafi da mace a cikinku in ba haka ba a zaure za ka tsaya, rabin garin ba za ka gan shi ba. Kuma kar ka fito da biro da takarda ranar farko.

Tsoho_Na_Salame:
In kun taho ku biyo ta Salame ku ɗauke ni. Ku riƙo goro, kuma ku tambayi labarin hanya kahin ku taso.

Baffa_Fagge:
A ajiye min kujerar gaba. Hakimi ko, ba dagaci ba, na riƙe.